Dabba a Cikin Suna: Matsayin Sunayen Halittu a Ƙasar Gezawa

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa suna linzami ne, watau yana jan mai shi zuwa ga ma'anarsa. A 'yan shekarun nan an sami iyaye, musamman masu ilmin zamani, da ke sha'awar raɗa wa 'ya'yansu sunayen da ba a saba ji ba, waɗanda aka ciro daga halittun Ubangiji, kamar itatuwa da taurari da tsuntsaye da namun daji. Tambayar da wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin amsawa ita ce: shin alaƙar suna da wata dabba tana hana shi karɓuwa a bakin jama'a? In kuwa tana hanawa, a wane mataki, kuma saboda me? An ɗauki ƙasar Gezawa ta Jihar Kano a matsayin madubi, domin wuri ne da mutum da dabba da itace suke zaune kafaɗa da kafaɗa.

2.0 Ƙasar Gezawa da Halittunta

Gezawa tana gabas maso arewa da birnin Kano, a kan hanyar Gumel. Tana cikin yankin nan mai cunkoson ƙauyuka da gonaki da ya kewaye birnin, wanda Michael Mortimore da J. Wilson suka wallafa nazari a kansa a 1965. A wannan yanki ba a cika barin gona ta huta ba. Kowace shekara ana noma ta, kuma takin awaki da tumaki da shanu shi ne ke riƙe da ƙarfinta. Daji ya daɗe da ƙarewa, sai itatuwan da manomi ya bari da gangan a gonarsa, irin su gawo da tsamiya da ɗorawa da kuka.

Wannan zama ya bar alama a sunayen wurare. Daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar akwai Gawo da Tsamiya Babba, kuma ba wanda yake jin nauyin a danganta shi da su. Itace a nan abin alfahari ne, domin shi ne inuwa da abinci da magani da shaidar iyakar gona. Sunan itace yakan shiga sunan mutum ta hanyar gari, kamar yadda ya faru ga Muhammadu Abubakar Rimi, gwamnan Kano daga 1979 zuwa 1983, wanda Rimi sunan garinsu ne a ƙasar Sumaila. Tun kafin wannan ma, littafin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya ambaci sarki mai suna Tsamiya, wanda aka ƙiyasta mulkinsa daga 1307 zuwa 1343.

3.0 Matakan Suna a Wurin Bahaushe

Ba za a fahimci matsalar ba sai an bambanta matakan suna. Na farko shi ne sunan yanka, wanda ake raɗawa ranar bakwai da haihuwa a gaban malamai da dangi, a yanka rago. Wannan kusan kullum na Musulunci ne, watau sunan annabi ko sahabi ko wani bawan Allah, ko kuwa sunan bauta irin su Abdullahi. Na biyu shi ne sunan rana ko na yanayin haihuwa, kamar Ɗanladi da Jummai da Tanko da Gambo. Na uku shi ne laƙabi, wanda kakanni ko abokai ko sana'a ke jawowa. Akwai kuma sunan alkunya, wanda ake fakewa da shi don kada a ambaci sunan ɗan fari ko na suruki. Na ƙarshe shi ne kirari, wanda maroƙa da makaɗa ke yi wa mutum.

Sunayen Hausa na asali da suka shafi halitta sun fi yawa a mataki na biyu da na uku. Manomi yakan kira wanda aka haifa lokacin noma Nomau, wadda aka haifa ana tsakiyar ruwan damina Marka, wanda ya zo ana ruwa Anaruwa, wanda ya zo da albarkar amfanin gona Maigero ko Maidawa. Duk waɗannan ba su da wani nauyi a baki. Sai an zo kan dabba ne harshe yake fara ɗari-ɗari.

4.0 Dabbar Yabo da Dabbar Zagi

Bahaushe ya riga ya raba wa dabbobi halaye a tatsuniya da karin magana, kuma yaro yana sanin wannan rabo tun kafin ya shiga makaranta. Zaki sarki ne. Giwa da ɓauna da bijimi alamun ƙarfi ne. Dila malamin daji ne, watau mai wayo. Kura kuwa ga kwaɗayi ga tsoro, shi ya sa ake cewa ba a ba ta ajiyar nama. Hankaka shi ne mai mai da ɗan wani nasa. Mujiya abar tsana ce a cikin tsuntsaye. Jaki alamar rashin fahimta ne, kare kuma alamar rashin kamun kai.

Masanin halayyar al'umma Edmund Leach ya kawo ra'ayi a 1964 cewa dabbobin da suka fi kusa da mutum su ne aka fi ɗaukar sunayensu a yi zagi. Zaman Gezawa ya ba wannan ra'ayi ƙarfi ta wata fuska. Jakin da ya yi shekaru aru-aru yana kai taki gona, yana kai hatsi kasuwa, shi ne sunansa ya zama zagin da malami ke yi wa ɗalibi. Zakin da manomin wannan yanki bai taɓa gamuwa da shi a gonarsa ba, shi ne ake gaishe da sarki da sunansa. Dabbar da ake gani kullum ana ganin kashinta da taurin kanta, wadda ke nesa kuwa labarinta kaɗai ake ji.

Sai dai ra'ayin bai game ko'ina ba. Doki yana cikin gida, amma abin daraja ne, saboda alaƙarsa da sarauta da yaƙi. Kura tana daji, amma ba wanda yake so a kira shi da sunanta. Ashe kusanci kaɗai bai isa bayani ba. Abin da ya fi tasiri shi ne halin da adabin baka ya liƙa wa dabbar.

Ko dabbar yabo ma ba ta cika hawa matakin sunan yanka ba. A jerin sarakunan Kano akwai Muhammadu Zaki, daga 1582 zuwa 1618, da Babba Zaki, daga 1768 zuwa 1776, kuma a wurin na farkon a fili yake cewa Zaki biye yake da sunan Musulunci. Dalili shi ne kirari abu ne da ake samu bayan an nuna bajinta. In aka kira jariri Giwa, sa'an nan ya tashi siriri mai rauni, sunan ya koma abin ba'a a bakin tsaransa.

5.0 Dabarun Harshe

Hausa tana da hanyoyin da take rage kaifin sunan dabba. Babbar hanya ita ce ɗafa "mai" a gaba. Maidoki da Maishanu laƙabai ne na mutunci, domin sun mai da mutum mamallakin dabbar, sun fitar da shi daga zama ita kanta. Tsakanin "Jaki" da "Maijaki" akwai tazarar da ke tsakanin zagi da sana'a.

Jinsin kalma shi ma yana da hannu. Giwa da damisa da ɓauna da barewa duk kalmomin mace ne a nahawu, shi ya sa maroƙi yakan ce toron giwa in yana son ya tabbatar da mazantakar wanda yake yabo. Barewa ta dace da 'ya mace ta fuskar nahawu da kyan sura, amma mai sauraro zai iya tuno gudu da rashin zama wuri ɗaya, abin da ba a yi wa amarya fata.

Sa'an nan akwai kalmomi masu fuska biyu. Hazbiya tsuntsuwa ce mai kyan gani, amma kuma sunan ƙurjin da ke fitowa a fatar ido ne. Kuka itace ne mai albarka, amma a rubuce bai bambanta da kukan hawaye ba, tun da rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti. A Barno kalmar Kura tana nufin babba a harshen Kanuri, kuma suna ne na girmamawa, amma in mai sunan ya zauna cikin Hausawa sai yara su ga dabbar dawa a rubuce.

6.0 Dabbar da ta Ɓuya a Cikin Larabci

Abin lura shi ne gidajen Gezawa, kamar sauran gidajen Hausa, cike suke da sunayen dabbobi ba tare da an damu ba. Haidar da Usama sunayen zaki ne a Larabci. Bakar da ke cikin Abubakar saurayin raƙumi ne. Uwaisu ɗan ƙaramin kyarkeci ne. Huraira, wanda ake furtawa Hurera ko Furera, 'yar kyanwa ce. Rahila a asalinsa na Ibrananci tunkiya ce, Yunusa kuma kurciya. Larabawan dā sun saba da irin wannan, har akwai ƙabilun Banu Asad da Banu Kalb, watau zuriyar zaki da zuriyar kare, kuma Ibn Duraid, wanda ya rasu a 933, ya rubuta Kitabul Ishtiƙaƙ don bayyana asalin irin waɗannan sunaye.

Me ya sa uban da ba zai yarda a kira 'yarsa Kyanwa ba yake murna da Hurera? Dalilai biyu ne. Na farko, ma'anar tana rufe a cikin baƙon harshe, kunne ba ya jin ta. Na biyu, wanda ya fi ƙarfi, sunan ya riga ya sami mai shi. Wanda ya ji Abubakar, Siddiƙu yake tunawa, raƙumi bai ko faɗo masa a rai ba. Mutumin kirki ya shiga tsakanin kalmar da dabbar. Wannan ya dace da koyarwar Musulunci ta kyautata wa ɗa suna, domin ya tabbata Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan sauya sunan da ma'anarsa ta munana.

7.0 Abin da Zamani ya Ƙara

A dā yawan matakan suna kariya ce. Ko ɗan wabi da aka kira Ajuji ko Ayashe don a kawar da idon mutuwa daga kansa, yana da sunan yanka da zai koma gare shi in ya girma. Laƙabin da bai dace ba yakan mutu da kansa. Tun daga shirin ilmin firamare na bai-ɗaya na 1976, rajistar makaranta ta soma daskarar da suna. Yau kuwa takardar haihuwa da lambar shaidar ɗan ƙasa, wadda hukumar da aka kafa a 2007 take bayarwa, sun sa sunan da aka rubuta yana bin mutum har jarrabawa da banki da fasfo, kuma sauya shi sai da rantsuwar kotu da wahala. Daɗin daɗawa, yawancin waɗannan rajistoci ba sa rubuta haruffa masu lanƙwasa, saboda haka ƙura da kura, ko zaƙi da zaki, duk ɗaya suke a kwamfuta.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, amsar tambayarmu ita ce alaƙa da dabba tana wahalar da suna ƙwarai in za a ɗora shi a matakin sunan yanka da kalmar Hausa tsirara, amma ba ta hana shi rayuwa a matsayin laƙabi ko kirari. Uban da ke sha'awar irin wannan suna ya kamata ya auna shi da ma'auni huɗu: me karin magana da tatsuniya suka ce game da dabbar, ana zagi da sunanta ko ba a yi, jinsin kalmar ya dace da na yaron, kuma yaya za ta kasance in an rubuta ta ba lanƙwasa ba karin sauti. Yaron ne zai amsa kiran a aji da kasuwa da gidan surukai, iyaye kuwa rana ɗaya suka yi zaɓin.

Ga masu kishin harshe kuma, akwai aikin da ya fi ƙirƙiro sabbin sunaye gaggawa. Nomau da Marka da Anaruwa da Maigero sunayen halitta ne da Hausa ta riga ta gwada ta amince da su, ga shi kuwa suna ja da baya a bakin matasan iyaye. Ya kamata malamai da ɗaliban jami'a su shiga ƙauyuka irin su Tumbau da Jogana da Babawa, su tattara waɗannan sunaye daga bakin tsofaffi tare da dalilan raɗa su, tun masu amsa su suna raye.