Antibirus na Kyauta ko na Kuɗi: Wanne Ya Dace da Kwamfutar Gida a Maradi?

A shagunan fotokofi da buga takardu na Sabon Gari, cikin birnin Maradi, kwamfuta ɗaya ce ke karɓar baƙi tun safe har dare. Ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya kawo kundin kammala karatunsa, malamin makaranta daga Tibiri ya kawo tambayoyin jarrabawa, sakataren ƙungiyar manoman rani daga Jiratawa ya kawo jerin sunayen mambobi. Kowa ya miƙa kilensa, wato filashi, a soka, a buga, a zare. Wani in ya koma gida ya soka a tasa kwamfutar sai ya tarar abubuwa sun rikiɗe: kowace folda ta fito da 'yar kibiya a gindinta, in ya danna sai wani baƙin allo ya ƙifta ya ɓace. Masu gyara na kiran wannan cuta birus rakursi.

Takardun ba su mutu ba, ɓoye su aka yi. Birus ɗin ya ajiye na bogi a gurbinsu masu suna iri ɗaya, kuma dannawar da mai kwamfuta ya yi ita ce ta buɗe masa ƙofa. Daga nan duk kilen da aka soka a wannan kwamfuta sai ya ɗauka. Mai gyaran da ya san aikinsa yana fito da takardun cikin 'yan mintoci, don haka wanda aka ce masa sai an goge komai kada ya yi saurin yarda.

A wurin mai gyaran ne tambayar ke tasowa: "Malam, wanne za a sa maka, na kyauta ko na kuɗi?" Yawanci mutum kan ɗauka na kuɗi ya fi, tunda kuɗi aka biya. A harkar antibirus lissafin bai tafi haka kai tsaye ba.

Antibirus na aiki ta hanya biyu. Yana riƙe da kundin kamannin ƙwayoyin cutar da aka riga aka sani, yana gwada kowane fayil da shi. Yana kuma sa ido kan ɗabi'ar manhajoji. In ya ga wata ta fara kulle takardu ɗaya bayan ɗaya, ko tana kwafar kanta cikin kile, sai ya tare ta. Wancan kundi kuwa tsufa yake yi kullum. Cibiyar AV-TEST da ke Magdeburg a Jamus, wadda aikinta ke nan gwada irin waɗannan manhajoji, ta ce a kowace rana tana rajistar sababbin miyagun manhajoji sama da 450,000. Antibirus ɗin da ya yi wata shida bai ga intanet ba kamar mai gadi ne da aka bai wa hotunan ɓarayin bara, aka ce ya tsare gida bana. A garin da mutane ke auna mega kafin su kunna ta, ko ta Airtel ce ko Moov ko Zamani, wannan ya fi sunan kamfanin da ke jikin kwali nauyi. Da yawa sukan kashe sabuntawa don kada ta cinye musu data, su bar tambarin antibirus yana walƙiya a gefen allo, hankalinsu kwance.

Abin da mutane da dama ba su sani ba shi ne kwamfutarsu ta zo da nata antibirus tun daga gida. Tun Windows 8 da ya fito a 2012, Microsoft ya dasa cikakken Defender a ciki, haka kuma a Windows 10 da Windows 11. A shekarunsa na farko masana sun raina shi, kuma da gaskiyarsu, don a gwaji can ƙasa yake zuwa. Yanzu labari ya canza. AV-TEST na ba da maki shida a kowane ɗaya daga fannoni uku: kariya, rashin nauyaya kwamfuta, da sauƙin amfani. Defender ya sha cinye shida cif a fannin kariya, kafaɗa da kafaɗa da waɗanda ake saya. Ba ya neman ko dala, ba ya talla, ba ya ƙarewa bayan shekara.

Yana da rauni guda da ya shafi Maradi kai tsaye. Gwaje-gwajen AV-Comparatives, wata cibiyar da ke Innsbruck a Ostiriya, sun sha nuna cewa Defender ya fi kaifi idan kwamfuta na kan intanet, domin yana aika tambaya ga rumbun Microsoft kan fayil ɗin da yake shakka. In babu intanet, abin da yake kamawa na raguwa fiye da na wasu takwarorinsa. Wanda kwamfutarsa ke yini tana karɓar kile ba tare da ta hau intanet ba, yana da hujjar duba wani.

Sai na kyauta na wasu kamfanoni: Avast, AVG, Avira, Bitdefender, Kaspersky. A mafi yawansu injin da ke kama birus ɗaya ne da na cikin na kuɗin. To da me suke ci? Na farko da tallar kansu. Wanda ya taɓa amfani da su ya san jan allon nan da ke faɗowa ya ce an gano matsaloli barkatai, a danna nan a gyara, in an danna sai a ga farashi. Na biyu ya fi muni, kuma ya taɓa faruwa a zahiri. A Janairun 2020, mujallun Motherboard da PCMag suka bankaɗo cewa Avast, kamfanin da ke Prag a Jamhuriyar Cek, yana tattara bayanan shafukan da masu amfani da shi ke ziyarta, yana sayarwa ta hannun wani reshensa mai suna Jumpshot. Cikin 'yan kwanaki aka rufe reshen. A Fabrairun 2024 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta ci kamfanin tarar dalar Amurka miliyan 16.5, ta kuma hana shi sayar da irin waɗannan bayanai don talla.

Wani abin ban dariya: mai cire Avast ya sa AVG don ya canza, bai je ko'ina ba. Avast ya sayi AVG tun 2016, shi ma ya haɗe da NortonLifeLock a 2022, wanda dama ya riga ya mallaki Avira. Yau Norton da Avast da AVG da Avira duk 'yan gida ɗaya ne, kamfanin Gen Digital.

Na kuɗi fa? Abin da ake biya galibi kayan rakiya ne: ma'ajin kalmomin sirri, VPN, hanyar taƙaita wa yara shafuka da lokaci, keɓaɓɓiyar taga ta shiga banki, lasisi ɗaya da zai rufe kwamfuta da wayoyi da dama, da kuma wanda za a kira in abu ya rikice. Ga ɗan kasuwar da ke tura kuɗi tsakanin Maradi da Kano ta kwamfuta, ko mai shagon da kwamfutarsa ita ce jarinsa, ko uban da 'ya'yansa ke wasa da na'urar da yake aiki da ita, waɗannan sun cancanci kuɗinsu. Ga wanda aikinsa rubutu ne da kallon fim da sauraren karatu, sayen abin da ba zai taɓa buɗewa ba ne. Mai saye ta intanet kuma ya lura: farashin shekarar farko rangwame ne, na biyu yakan yi tsalle, kuma cirewa ake yi daga kati ba tare da sallama ba in ba a kashe sabunta kai ba. Mai sayen kwali a shago ya tabbata ba a kankare lambar ba, a kuma kunna ta a gabansa ya ga kwanaki nawa ta nuna.

Kaspersky, na ƙasar Rasha, sananne ne a shagunan Afirka ta Yamma, kuma a gwaji yana cikin na gaba. A Yunin 2024 gwamnatin Amurka ta haramta sayar da shi a ƙasarta, bisa zargin cewa hukumomin Rasha na iya amfani da shi, zargin da kamfanin ya musanta. Haramcin na Amurka ne, bai shafi Nijar ko Najeriya ba.

Akwai kaso na uku a kasuwa bayan na kyauta da na kuɗi, shi ne na kuɗi da ba a biya ba. Mai gyara ya zuba Windows na sata, ya bi shi da Office na sata, ya ɗora antibirus da aka fasa wa lasisi, duk a kan 'yan jikkuna. Kafin manhajar fashin ta shiga, dole a kashe Defender, don yana ganinta zai cafke ta. Sau da yawa ba a sake kunna shi. Ta wannan kafa ce ƙwayar cuta mai suna STOP/Djvu ta fi yaɗuwa a duniya tun daga 2018, cikin manhajojin sata. Takan kulle hotuna da takardu duka, ta bar wasiƙa tana neman dalar Amurka 980, fiye da sefa dubu 500 ke nan, da alkawarin rage rabi ga wanda ya yi magana cikin awa 72. Tsakanin Defender na halal da fasasshen antibirus mai babban suna, babu ma abin gwadawa.

Smadav mai koren tambari, ɗan ƙasar Indunusiya, da wuya a buɗe kwamfuta a yankin nan ba a gan shi ba. Yana da amfani wajen tsabtace kile da fito da ɓoyayyun takardu, ba shi da nauyi. Amma masu shi da kansu sun ce mataimaki ne, an yi shi don ya zauna tare da babban antibirus. Manya biyu kuwa ba sa zama inuwa ɗaya. Wanda ya haɗa Avast da Avira a tsohuwar kwamfuta mai ƙaramin ƙarfi zai yi ta jiran ta buɗe har shayinsa ya huce.

Sai batun shekarun Windows ɗin kansa. Kwamfutocin gida a Maradi yawanci na hannu ne, waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Turai ko Amurka kafin su iso. Microsoft ya daina toshe ɓarakar Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, ya kuma rufe tallafin Windows 10 a 14 ga Oktoban 2025, da ƙarin wa'adin shekara guda ga wanda ya yi rajista. Tsofaffin na'urori da dama ba sa ɗaukar Windows 11, saboda yana neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0. Antibirus ba ya toshe ɓarakar da ke jikin Windows. A Mayun 2017 ƙwayar cuta mai suna WannaCry ta afka wa kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida, alhali Microsoft ya fitar da gyaran ɓarakar tun watan Maris. Waɗanda ta kama, ba su sauke gyaran ba ne. Mai Windows 7 a yau ba shi da cikakken Defender, dole ya nemi wani daga waje, kuma gara ya daina shiga banki da ita.

Ga magidancin Sabon Gari mai Windows 10 ko 11 na gaskiya, da 'yan kuɗin da ya ware wa tsaro, shawarar da ta fi kama hankali ita ce ya bar Defender a kunne, ya raba kuɗin biyu. Kashi ɗaya na data, don kwamfutar ta riƙa hawa intanet ko sau ɗaya a mako ta sabunta kanta. Ɗayan na faifan ajiya na waje, domin babu antibirus ɗin da ke dawo da kundin da ɗaukewar wuta ko ƙurar hunturu ta lalata. Takardun rubutu ba su da nauyi. Giga 15 da Google ke bayarwa kyauta ga mai adireshin Gmail ta ishi ɗalibi har ya gama jami'a. Faifan waje kuma in an gama kwafa a zare shi a sa a aljihun tebur, don birus mai kulle takardu yana bin duk abin da ya tarar a jone da kwamfutar.