Juya Ƙananan Ma'aunan Kwararar Maganaɗisu

Abin da ake nufi da kwararar maganaɗisu shi ne jimlar ƙarfin maganaɗisu da ya ratsa wani fili. Kalmar kwarara aro ce kurum, domin babu wani abu da ke gudana kamar ruwa. Ma'auninta a tsarin awo na duniya, wanda aka tabbatar a 1960, shi ne weba, mai alamar Wb, don tunawa da masanin nan Bajamushe, Wilhelm Weber (1804-1891).

To, da yake weba babban ma'auni ne, galibi da ƙanensa ake aiki. Weba 1 daidai yake da miliweba 1,000. Miliweba 1 kuwa mikroweba 1,000 ne. Haka nan mikroweba 1 nanoweba 1,000 ne. Ke nan tsakanin kowane mataki da na ƙasa da shi akwai ninki dubu. Mai gangarowa sai ya ninka da 1,000, mai hawa kuma ya raba da 1,000. Alal misali, miliweba 0.25 shi ne mikroweba 250, ko nanoweba 250,000.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen makswel, tsohon ma'aunin da ya ci sunan James Clerk Maxwell (1831-1879), mutumin Sikotilan. Shi ba ya bin wannan tsani na dubu-dubu, domin makswel miliyan 100 ne ke yin weba 1. Saboda haka makswel 1 nanoweba 10 ne, mikroweba 1 kuma makswel 100. A zamanin kaset, matsayin da tsarin Dolby ya tsayar wa zaren kaset shi ne nanoweba 200 a kowace mita ta faɗin layin sauti, wato makswel 20, ko mikroweba 0.2.

A nan ne ya wajaba malamai da masu fassara su yi hattara. Mili da mikro duk da harafi ɗaya suka fara, amma alamominsu daban suke: mWb na miliweba ne, µWb na mikroweba. Wanda ya rubuta m a gurbin µ, don kawai babu wannan harafi na Girkanci a abjadin boko, ya ninka adadin sau dubu, ɗalibi kuwa ba shi da hanyar gane ɓarnar. Idan alamar ta gagara samuwa, gara a rubuta sunan ma'aunin cikakke.