3.2 Ƙa'idojin Kyautata wa Shanun Tatsa a Yankin Basirka

Kyautata wa dabba na nufin tsare mata haƙƙinta na ci da sha da lafiya da kwanciyar hankali. A shekarar 1965, wani kwamiti da gwamnatin Birtaniya ta kafa a ƙarƙashin Farfesa Brambell ya fitar da rahoto a kan halin da dabbobin gona suke ciki. Daga wannan rahoto ne aka tsara ƙa'idoji guda biyar a shekarar 1979, wato a raba dabba da yunwa da ƙishirwa, a raba ta da takura, a kare ta daga ciwo da cuta, a kare ta daga tsoro, sannan a bar ta ta yi rayuwa irin ta jinsinta.

A Basirka da sauran ƙauyukan Gwaram da Birnin Kudu, akasarin nonon da ake sayarwa daga rugagen Fulani yake fitowa, kuma yawancin shanun fararen nan ne da ake kira Bunaji. Don haka za a dubi waɗannan ƙa'idoji ta fuskar garken ruga.

Ƙa'ida ta farko ta fi wuyar cikawa da rani, musamman daga watan Maris zuwa faɗuwar ruwan farko, lokacin da ciyawa ta ƙare, rafuka suka ƙafe. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na madara ruwa ne, saboda haka saniyar da ba ta sha ta ƙoshi ba, ba za ta kawo nono ba. Wannan ne ya sa makiyayi mai lura yake tanadin harawa da karan dawa tun da kaka, ya riƙa haɗa wa masu shayarwa da dusa da kanwa.

Ta fuskar makwanci kuwa, garken da ya yi caɓi da damina yakan jawo ciwon kofato da kumburin hantsa, don haka ya kamata a riƙa sauya wa shanu wuri. Haka kuma, cire kaska da yin allurar rigakafin ciwon huhu suna cikin haƙƙin dabba. Cutar bushiya, wadda ta hallaka shanu masu yawa a Arewacin Nijeriya a shekarar 1983, da rigakafi aka ci ƙarfinta, har aka bayyana kawar da ita daga duniya a shekarar 2011.

Sai dai inda waɗannan ƙa'idoji suka fi haɗuwa shi ne wajen tatsa. Saniyar Bunaji ba ta cika sakin nono ba sai an kawo mata ɗanta ya fara tsotsa, daga nan a ɗaure shi kusa da ita a tatsa. Idan aka tsorata ta da duka ko hayaniya, sai ta riƙe nonon. Ke nan, maraƙi da ƙwarya ne suke rabon abin da ke cikin hantsa. Da rani nono yakan yi tsada, ga shi kuma da kuɗinsa matan ruga suke cefane, saboda haka akan yi sha'awar tatse saniya ƙarƙaf. Maraƙin da aka yi wa haka yakan rame, ya kasa jure cuta, idan kuwa ya mutu uwar takan ƙafe da wuri. Bugu da ƙari, wajibi ne a bar wa jaririn maraƙi dakashi, domin a ranar farko ta haihuwa ne cikinsa ya fi karɓar garkuwar da ke cikinsa.

A taƙaice, jikin maruƙa shi ne ma'aunin kulawar da garke yake samu. Makiyayin da ya tauye wa maraƙi rabonsa a bana, ya rage wa kansa saniyar tatsa nan da shekara huɗu ko biyar.