Ƙurar Zinare da Jinin Yara

Wanda ya san Gwada, da doya ya san ta. Ranar kasuwa motoci ne jere a bakin titin da ya taso daga Minna ya nufi Kuta, ana ta lodi. Amma ƙasar Shiroro ba doya kaɗai take bayarwa ba, akwai zinare a ƙarƙashinta. Tun da 'yan bindiga suka raba ƙauyuka da gonakinsu, har wasu suka koma zaman gudun hijira a makarantar firamare ta Gwada, diga da shebur sun zama abin dogaron gidaje da dama. Ramin da ya rufta da masu haƙa a Galkogo cikin watan Yunin 2024 ya sa kowa ya ji labarin haɗarin sana'ar. Sai dai akwai wani haɗarin da ba a cikin rami yake kisa ba. A buhu ake ɗauko shi a kawo gida, kuma yara yake fara ci.

Maƙwabtanmu na ƙaramar hukumar Rafi sun ɗanɗana. A watan Mayun 2015 ma'aikatar lafiya ta tarayya ta sanar da mutuwar yara 28 a yankin Shikira, a Unguwar Magiro da Unguwar Kawo, sanadin gubar dalma. Da an lalubi cutar a duhu, da an daɗe ana binne yara ana cewa ajali. An gane ta da wuri ne saboda abin da aka koya a Zamfara shekara biyar kafin nan, kuma yadda aka koye shi ya isa a tsaya a kansa.

A farkon 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suna zagayen sa ido kan sanƙarau a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, sai suka tarar da ƙauyukan da sababbin kaburburan yara suka yi yawa. Yaro zai fara amai da ciwon ciki, ya koma jijjiga, ya sandare, ya suma. Duk ma'aikacin lafiyar da ya ga haka a ƙasar Hausa, abu biyu ne za su zo masa: zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, ko sanƙarau. Aka ba da maganin duka biyun, yara suka ci gaba da mutuwa. A gida kuwa sai rubutu da hayaƙi, ana zaton iska ce. Sai da aka ɗebi jini aka aika ɗakin gwaji a Jamus aka ga dalma ce.

Daga nan masu bincike na cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tare da likitocin Najeriya masu bin diddigin annoba, suka shiga Dareta da 'Yargalma suna bi gida-gida. Aikin ba na ban mamaki ba ne, ƙidaya ce da tambaya. Yara nawa ne a gidan nan? Nawa suka rasu daga bara zuwa bana? A ina ake daka dutse? Daga wace rijiya ake sha? A gidaje 119 suka samu cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu cikin shekara guda, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Cikin yara 204 da aka auna jininsu babu ko ɗaya da ya tsira daga gubar, kuma kashi 97 cikin ɗari sun kai matakin da sai an yi musu magani na musamman, wato maikurogiram 45 a kowane desilita na jini. Ƙaramar na'urar gwajin da suka zo da ita iyakarta 65, kuma a yawancin yaran sai ta kai ƙarshe ta tsaya. A kashi biyu cikin uku na gidajen, a tsakar gida ake sarrafa dutsen zinaren.

Mutanen ƙauyukan sun kuma faɗa wa masu binciken wani abu da suka lura da shi tun da farko ba su ɗauke shi a bakin komai ba: agwagi sun riga yara mutuwa. Agwagwa a ƙasa take kiwo, a kwatami take sha. Ga duk garin da ake niƙa dutse, mutuwar kaji da agwagi ba gaira ba dalili labari ne da ya kamata ya kai kunnen mai unguwa da malamin asibiti a ranar.

Me ya sa yara? Dutsen da ke ɗauke da zinaren a waɗannan wurare yana haɗe da dalma mai yawa. Ana farfasa shi da guduma, a zuba a injin niƙa irin na hatsi, ya fito gari, a wanke, a kama zinaren da zaiba. Ƙurar da ta tashi tana sauka a kan tabarma, da tukunya, da hatsin da aka shanya, da zanen goyo. Babba yana shaƙa, amma yaro mai rarrafe ci yake yi: hannu a ƙasa, hannu a baki, sau ba adadi a yini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jikin ƙaramin yaro yana zuƙar dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke zuƙa, kuma yaron da ke fama da ƙarancin abinci mai gina jiki ya fi zuƙa. Dalmar tana shiga ƙwaƙwalwa, tana kwanciya a ƙashi shekara da shekaru, in mace ta ɗauki ciki ta fito ta wuce wa ɗan tayi. Wanda ya rayu ma yakan tashi da raunin fahimta, wani da makanta ko shanyewar gaɓoɓi. Aƙalla yara 400 aka yi ittifaƙin sun mutu a Zamfara. Waɗanda suka rayu da tabon sun ninka haka, kuma su ba a cika ƙirga su ba, don yaron da ya kasa karatu sai a ce dakiki ne.

Akwai magani, ƙwaya ce da ake kira DMSA, tana kama dalmar da ke jini ta fitar da ita ta fitsari. Amma likitoci sun gane cewa ba yaro maganin ya koma gidan da ƙasarsa ke da guba kamar ɗibar ruwa ne da kwando. Don haka suka kafa sharaɗi: sai an gyara gari kafin a fara magani, in ba wanda ke bakin mutuwa ba. Gyaran kuwa aikin ƙarfi ne. Ana haska ƙasa da wata na'urar hannu da ke nuna yawan dalma nan take, a kankare saman tsakar gida da fartanya, a kwashe a binne a rami mai nisa, a kawo sabuwar ƙasa a shimfiɗa. Injiniyoyin TerraGraphics daga Amurka ne suka koyar, 'yan gari suka yi aikin.

A nan ne lalacin hukuma ya fito fili. Bagega, wadda ta fi sauran ƙauyukan Zamfara da gubar ta shafa girma, ta yi ta jiran kuɗin gyara har farkon 2013, sai da matasa irin su Hamzat Lawal suka tayar da ƙura a intanet kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin. A Shikira ma sai 2016 aka yi aikin. A ganina wannan ne ciwon binciken lafiya a ƙasashe irin namu: masana su gano cuta cikin makonni, su faɗi magani, sannan takarda ta kwana a ofis shekara guda, yara kuwa suna ci gaba da rarrafe a kan ƙasar.

Hana haƙa shi ne abin da gwamnatoci suka fi saurin furtawa, kuma bai taɓa raba mai yunwa da rami ba. Abin da yake yi shi ne ya sa a ɓoye aikin, kuma ba inda ya fi cikin gida daɗin ɓuya. Binciken da ya fi amfani a nan Jihar Neja aka yi shi. A Shikira, MSF da wata ƙungiya mai suna OK International sun zauna da masu haƙa suka gwada feshin ruwa a kan injin niƙa, da mayar da wurin aiki bayan gari, da wanka da sauya tufa kafin a koma gida. Da aka auna, dalmar da ke tashi a iska ta ragu da kusan kashi 95 cikin ɗari, kuma wadda ke jinin masu aikin ta sauka da kusan kashi ɗaya cikin uku a ƙasa da shekara biyu. Tanki ne da tiyo da famfon feshi, kayan da mai injin zai iya saya a Minna.

Ba kowane dutsen zinare ne ke da dalma ba, kuma ido ba ya rabewa, sai awo. Don haka a gari irin Gwada, inda mai doya da mai dutse ke haɗuwa a kasuwa ɗaya, ƙa'idar ita ce a ɗauki kowane buhun dutse a matsayin mai guba. Kada ya shiga gida. Injin da ya niƙa dutse kada ya niƙa masara ko alabo, turmin da ya daka shi kada ya daka yaji, buhunsa kada a zuba masa hatsi. Haka tozalin dutse da ake rambaɗa wa jarirai: a 2011 an samu wani jariri ɗan asalin Najeriya a birnin Boston da guba a jini, da aka auna tozalin da ake sa masa sai aka ga fiye da kashi 80 cikin ɗarinsa dalma ce.

Malamin asibitin da aka kawo wa yaro yana jijjiga, ya yi gwajin zazzaɓi, ya ba da magani bai ga sauƙi ba, akwai tambaya guda da ba ta cin ko sisi: "Baba, wace sana'a ake yi a gidanku?" In amsar ta taɓo dutse, sai ya rubuta, ya sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma a Kuta, ya kuma nemi a auna jinin sauran yaran gidan, har da waɗanda ke wasa lafiya lau.