Rufi Ɗaya, Tukwane Daban: Cin Abinci a Kasuwannin Singafo da Maleshiya

Baƙon da ya sauka Singafo yakan ɗauka cewa wurin cin abinci na kirki shi ne mai ƙofar gilashi da ma'aikaci sanye da kwat. 'Yan garin kuwa ba can suka fi zuwa ba. Safe da rana da dare, ma'aikacin banki da direban tasi da tsohuwa mai jan jikanta duk kasuwar abinci suke nufa: wata makekiyar rumfa a buɗe ta kowane gefe, fankoki na juyawa, ƙananan shaguna a jere kowanne da abin da ya ƙware a kai, tsakiya kuma cike da teburori da kujerun da aka kafe a ƙasa. Irin waɗannan kasuwanni sun haura 110 a wannan ɗan tsibiri, kuma a watan Disamba na 2020 hukumar UNESCO ta sanya al'adar cin abinci a cikinsu a jerin al'adun da duniya ke taskacewa. Abin da nake son in nuna shi ne, ƙananan ƙa'idojin da baƙo ke tararwa a wurin, waɗanda da farko zai ga kamar ƙaƙale ne, su ne dabarar da ta sa mutanen da abincin wani haramun ne ga wani suke iya zama su ci a inuwa ɗaya.

Sai an san su wane ne mutanen kafin a gane girman abin. A ƙidayar 2020, kusan kashi 74 cikin ɗari na mazauna Singafo Sinawa ne, kashi 13 da ɗoriya 'yan ƙabilar Malay, kashi 9 kuma Indiyawa. Naman alade ginshiƙi ne a girkin Sinawa. 'Yan Malay kusan dukkansu Musulmi ne. Mabiya addinin Hindu ba sa cin naman sa, wasunsu ma ba sa cin nama kwata-kwata, akwai kuma Sinawa mabiya Buddha da su ma ke ƙaurace wa naman sa. Ƙasar ta ɗanɗani tarzomar ƙabilanci a 1964, shekara guda kafin ta zama mai cin gashin kanta. A irin wannan gari, abin da aka fi tsammani shi ne kowace al'umma ta killace kanta da gidajen abincinta. Sai ga shi a ƙarshen shekarun 1960 gwamnati ta yi wa masu tallan abinci na bakin titi rajista, daga 1971 zuwa 1986 kuma ta gina musu kasuwanni masu famfo da lantarki da magudanar ruwa. Tsafta ce dalilin farko, don abincin bakin titi na yaɗa cuta, dattinsa na toshe magudanai. Amma da aka tattara su, mai taliyar Sinawa da mai shinkafar kwakwa ta 'yan Malay da mai gurasar Indiyawa sun wayi gari maƙwabtan juna, teburin da ke gabansu kuwa ba na ɗayansu ba ne.

Wannan teburi na kowa shi ne tushen sauran al'adun. Tunda babu ma'aikacin da zai nuna maka wurin zama, sai ka nemi kujera kafin ka nemi abinci. Mutumin Singafo yakan ajiye ɗan ƙunshin takardar goge hannu a kan teburi ya tafi bin layi, duk wanda ya zo ya gani ya san an kama wurin, ba zai taɓa ba. Wani laima yake ajiyewa, wani katin wurin aikinsa. Baƙon da bai sani ba ya ɗauki takardar ya goge gumi, ya yi abin kunya ba tare da kowa ya ce masa uffan ba. In teburi mai kujeru shida ne kuma mutum biyu ke zaune, ana tambaya da baki ko da nuni a zauna, babu dogon gaishe-gaishe, kowa ya fuskanci kwanonsa. Ana biyan kuɗi a gaban shago lokacin karɓar abinci, ba a ciniki, ba a ba da tukwici. Masu shagon kuwa, duk wanda ya manyanta ana kiransa da sunan kawu ko gwaggo, ko da ba a taɓa ganinsa ba. Sinawa na ci da 'yan sanduna biyu, kuma ba a soke su tsaye a cikin shinkafa, domin hakan ya yi kama da turaren tsinke da ake kunna wa mamaci. 'Yan Malay da Indiyawa da dama da hannun dama suke ci, shi ya sa ake samun wurin wanke hannu a kusa. Mafi yawan jama'a dai cokali ne a dama, mai yatsu a hagu yana tura abinci.

Tambayar da Musulmin da ya zo daga Kano ko Damagaram zai fara yi ita ce, yaya zan ci a wurin da ake soya alade a shago na uku? Tambaya ce mai nauyi, kuma Musulmin Singafo sun riga shi yin ta. Amsar da suka samo ita ce a raba tukunya da kwano, a bar teburi a haɗe. Majalisar addinin Musulunci ta ƙasar, MUIS, ita ke ba da takardar shaidar halal, ana manna ta a gaban shago inda kowa zai gani, wasu shagunan kuma suna rubuta cewa mallakar Musulmi ne. Shagon halal yana da farantansa da cokulansa da tirensa, ba sa cuɗanya da na sauran. In an gama ci, wurin mayar da tire kashi biyu ne, na halal daban, wanda ba na halal ba daban, da alama a rubuce. Basine mai cin alade ya san bai kamata ya tsoma cokalinsa a kwanon abokinsa Musulmi ba, ko ya ɗora kwanonsa a tiren shagon halal. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba duk da haka, babu laifi a kansa, ga kasuwar Geylang Serai a unguwar 'yan Malay, ga kuma Tekka a unguwar Indiyawa inda shagunan Musulmi suke da yawa. Sai dai ya sani cewa mutumin da ke cin shinkafar kwakwa a teburin gama-gari ba sakaci ya yi da addininsa ba. Tsari ne ya tanadar masa hanya.

Wani zai ce ai wannan ba al'ada ba ce, tsoron hukuma ne, Singafo ƙasa ce da ta yi suna wajen cin tara. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Shekara da shekaru ana roƙon mutane su riƙa mayar da tire bayan sun ci, ba su ji ba, sai da aka mai da shi doka daga 1 ga Satumba, 2021: karon farko gargaɗi a rubuce, na biyu tarar dalar Singafo 300. To amma babu wata doka da ta ce a girmama takardar da aka kama kujera da ita, hasali ma akwai masu kukan cewa son kai ne, kuma duk da haka ana girmama ta. Babu jami'in da ke tsare layi. Hukuma ta gina rumfa ta sa ido kan tsafta, jama'a ne suka ƙago yadda za a zauna a ciki.

Maleshiya ta nuna wata hanyar ta daban. A can Musulmi ne masu rinjaye, kuma da yawansu ba sa shiga shagon kofi na Sinawa in ba shi da shaidar halal ta hukumar JAKIM. Sai mahaɗar ta koma hannun Indiyawa Musulmi 'yan asalin Tamil, masu gidajen abincin da ake kira mamak, waɗanda da yawa ba sa rufewa dare da rana. Ɗaliban arewacin Nijeriya da suka yi karatu a jami'o'in ƙasar sun san su sarai. A nan sai an ci an ƙoshi ake biya. Mai gurasar roti canai zai ɗauki curin ƙullu da ya sha mai, ya daddanna shi a kan tebur na ƙarfe, ya riƙa wulwula shi yana maka shi har ya yi siriri ana hango hannu ta cikinsa, sannan ya ninke ya jefa a kasko. In ya gasu, sai ya tafa shi tsakanin tafukansa ya wargaje, a kawo da miyar wake mai kayan ƙamshi. Mai shayin teh tarik kuma yana kwararo shi daga wannan moɗa zuwa waccan, hannu ɗaya sama ɗaya ƙasa, har ya yi kumfa ya huce daidai sha. Daren da ake buga ƙwallon Ingila, teburorin kan malalo har bakin titi, ɗan Malay da Basine da Ba'indiye duk ido na kan allo ɗaya. A 2024 UNESCO ta karɓi al'adar karin kumallon Maleshiya ita ma, da wannan gurasa da wannan shayi a cikinta. Hanyar ta bambanta da ta Singafo, can an raba kwano, nan an zaɓi girkin da kusan kowa zai iya ci, amma matsala ɗaya suke warwarewa.

Sukar da ta fi ƙarfi a kan kasuwannin abincin Singafo ta shafi kuɗi. Arahar da baƙo ke yabawa guminta a jikin wasu yake. Yawancin masu shagunan Singafo sun doshi shekara 60, suna tashi tun kafin asuba, suna wuni a tsaye gaban wuta, 'ya'yansu da suka yi boko kuwa kaɗan ne ke son gadon sana'ar. A 2016 littafin Michelin mai tantance gidajen abinci ya ba shagon wani mai suna Chan Hon Meng tauraron yabo, lokacin yana sayar da shinkafa da kaza a dalar Singafo biyu, duniya ta yi ta mamaki. Abin mamakin na gaskiya shi ne ƙwarewa irin wannan a ce kuɗinta dala biyu. 'Yan gari kan yi ƙorafi in an ƙara musu ko da rabin dala, alhali suna biyan ninkin-ba-ninkin a gidan kofi mai na'urar sanyaya ɗaki. Wannan suka ba ta da amsa mai sauƙi, kuma a ganina masu yin ta suna da gaskiya. Abin da ba ta rushe ba shi ne amfanin wurin, ta dai nuna wanda ke ɗauke da nauyinsa.

Saboda haka mai karatu, in tafiya ta kai ka Singafo, da dare ka nufi kasuwar Lau Pa Sat, inda ake rufe titin da ke gefensa a jera masu gasa satay, wato tsirensu, wanda ake tsomawa a miyar gyaɗa. Ka duba shaidar halal kafin ka yi oda, ka mayar da tirenka inda ya dace. Kuɗin da tsoho mai gasa tsiren ya faɗa maka kuwa, ka biya shi cif, kada ka nemi ragi.