Yadda Ake Haɗa Ƙaramin Tebur Mai Aljihu

A gidaje da yawa na Cirozerin takardar haihuwa da katin rigakafin yara suna ajiye ne a ƙarƙashin tabarma ko cikin kwano. A can ƙura da gara da ɓeraye ke lalata su. Ƙaramin tebur mai aljihu, wanda ake ajiyewa kusa da gado, yana maganin wannan asara. Amma kafin ka sa zarto, ka san halin katako a ƙasarmu.

Katako da iskar Azbin

Cirozerin tana arewacin Agadas, a ƙasar Azbin mai ƙarancin ruwan sama. Itatuwan da ke bakin ƙoramu, kamar goruba da aduwa, su ne ke riƙe ƙasa da ba da inuwa. Dokar gandun daji ta Nijar ta shekarar 2004 ta tsara sharuɗɗan sare itace. Don haka falankin da kafintoci ke aiki da shi yakan fito ne daga ƙasashen kudu masu daji, kamar Najeriya.

Wannan katako yana isowa da ruwa a jikinsa. Idan ya sha busasshiyar iskarmu sai ya tsotse, musamman ta faɗinsa. In ka yi aiki da shi ɗanye, bayan ƴan makonni saman tebur zai tsage, mahaɗai su saki, kuɗinka ya tafi a banza. Da damina kuma yakan ɗan kumbura, sai aljihu ya cije.

Saboda haka, jera falankan a inuwa, sama da ƙasa. Sa ƴan sanduna tsakaninsu don iska ta ratsa. Bar su wata guda ko fiye. Kada ka shanya su a rana, za su karkace.

Kayan aiki

Za ka buƙaci zarto, guduma, abin huda katako, ma'auni mai santimita, fensir, gam na katako, ƙusoshi, sukurori da takardar goge katako.

Awo

Rubuta waɗannan lambobi a littafinka. Kaurin kowane allo santimita 2 ne.

Saman tebur: allo 1, santimita 40 tsawo, 40 faɗi.
Ƙafafu: guda 4, tsawo 48, kauri 4 ta kowane gefe.
Allunan gefe da na baya: guda 3, tsawo 28, faɗi 12.
Sandar gaba: guda 1, tsawo 28, faɗi 4.
Sandunan da aljihu zai bi: guda 2, tsawo 28, faɗi 2.

A bakunan allunan nan uku da na sandar gaba, ƙara santimita 2 ta kowane ɓangare. Wannan ƙarin shi ne zai shiga cikin ƙafa. Auna sau biyu kafin ka yanka, domin abin da zarto ya ci ba ya dawowa.

Matakan haɗawa

1. Sassaƙe ƙarin nan ya zama kamar harshe. Haƙa rami daidai da shi a jikin ƙafa.

2. Shafa gam, ka haɗa allunan uku da ƙafafu ta sama. Fuskar allo ta ciki ta yi daidai da fuskar ƙafa ta ciki.

3. Sa sandar gaba a kwance, ka bar santimita 10 tsakaninta da kan ƙafafu. Nan ne ƙofar aljihu.

4. Kafin gam ya bushe, auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, sannan ka auna ɗaya ɓangaren. In awon biyu ya zo ɗaya, teburin bai karkace ba. Ɗaure shi da igiya, ka bar shi ya kwana.

5. Kafa sandunan nan biyu a cikin allunan gefe, samansu daidai da saman sandar gaba.

6. Ɗora saman tebur, ya fito santimita 2 ta kowane gefe. Ɗaure shi da sukurori ta ƙasa, ba da gam ba. Ramukan sukurorin su ɗan yi faɗi, don allon ya samu wurin motsi.

Duk inda za ka sa ƙusa ko sukuru, fara huda wurin. Busasshen katako yana saurin tsagewa.

Aljihun tebur

Faɗin ƙofar aljihu santimita 28 ne, tsayinta 10. Kada ka yi aljihun daidai da ita. Yi shi santimita 27 da rabi a faɗi, 9 da rabi a tsayi, 30 a tsawo. Wannan rabin santimita shi ne zai hana shi cijewa da damina. Yi gindinsa da siririn allo, ka kafa marfiƙi a gaba. Goga kyandir ko busasshen sabulu a kan sandunan, sai aljihun ya riƙa sulɓi.

Gamawa da kulawa

Goge teburin ta bin tsawon katako, ka yi a waje don ƙura. Shafa fenti ciki da waje, har da ƙarƙashin ƙafafu. In gefe ɗaya kaɗai ka shafa, allon zai lanƙwashe. Ajiye teburin nesa da randa da hasken rana. Riƙa ɗaga shi kana dubawa saboda gara.

In kafinta za ka ba aikin, tafi masa da awon a rubuce. Tambaye shi tun yaushe katakon ke ajiye a wurinsa. Ja aljihun ka mayar sau da yawa kafin ka biya.

Tambayoyi don tattaunawa

Me ya sa ake barin katako ya bushe a inuwa?
In faɗin ƙofar aljihu santimita 30 ne, nawa faɗin aljihun zai zama?