Me Ya Sa Sankara Ke Dawowa Bayan An Yi Magani?

An yi tiyata, an sha wahalar allurar kemo har gashin kai ya zube, hoton asibiti ya nuna ƙarin ya ɓace. Bayan shekara biyu ko uku sai ga ciwo ya dawo. A gida, nan take ake fara zargin sammu. Masu bincike kuwa wani sawun suke bi.

A 1994, John Dick da abokan aikinsa a Toronto ta ƙasar Kanada suka ɗebi ƙwayoyin sankarar jini daga marasa lafiya, suka sa wa ɓerayen da ba su da garkuwar jiki. Akasarin ƙwayoyin ba su tsinana komai ba. 'Yan ƙalilan ne suka kama, suka hayayyafa, suka tayar da cutar sabuwa fil. A 2003, Michael Clarke da Muhammad Al-Hajj a Jami'ar Michigan ta Amurka suka ga irin haka a sankarar mama: ƙwayoyi ɗari biyu masu wata alama ta musamman sun haifar da ƙari a jikin ɓera, dubban sauran kuwa sun kasa.

Waɗannan 'yan ƙalilan da ke tayar da cutar su ne iyayen ƙwayoyin sankara. Wasunsu kan kwanta lamo, ba sa saurin rabuwa, alhali kemo ya fi cin ƙwayar da ke gaggawar rabuwa. Kamar a sare bishiya ne a bar kututture. Damina na sauka sai toho.

Ba kowace sankara ce ke bin wannan tsari ba. A 2008, Sean Morrison ya nuna cewa a wata muguwar sankarar fata, kusan ƙwaya ɗaya cikin huɗu na iya tayar da ƙari. Muhawarar ba ta ƙare ba, don haka duk wanda ya zo maka da kwalba yana cewa tana tuge sankara daga saiwa, ka riƙe kuɗinka.

Abin da ya riga ya iso hannun likita shi ne gwajin gano asalin ƙarin. Mata biyu na iya zuwa da kumburi iri ɗaya a mama, amma cutarsu daban. Idan aka yanki 'yar tsoka aka kai ɗakin gwaji, za a gane ko ƙarin da sinadarin mata na estrojin yake rayuwa. In haka ne, ƙwayar tamoxifen na yi masa aiki. In kuma yana da yawan furotin HER2, akwai allurar trastuzumab da aka amince da ita tun 1998. In babu ko ɗaya, ba a ɓata dukiya a kansu, sai a nufi kemo. Binciken Farfesa Olufunmilayo Olopade ya nuna wannan kashi na ƙarshe ya fi yawa a matan Najeriya da Senegal fiye da na Turawa.

Abin takaici, a wurare da dama ana yanke mama ba a kai tsokar gwaji ba, saboda tsada ko nisan ɗakin gwajin. Ni a ganina wannan harbi ne cikin duhu, kuma talaka ke biyan kuɗin harsashin. Ya kamata gwamnatocin jihohi su sa wannan gwaji cikin inshorar lafiya. Ke kuma 'yar'uwa, idan aka ce za a yi miki aiki, ki tambayi likita ina za a kai tsokar, kuma yaushe sakamakon zai fito.